Giyar Maris

In ka tambayi mutanen garin wane ne Alois Brandmeier, ba wanda zai fara da cewa kafinta ne, ko da yake rabin kujerun cocinsu aikin hannunsa ne. Labarin harshensa za a fara ba ka. Mahauta sukan ce tsohon yana iya kurɓar giya sau ɗaya ya gaya maka rijiyar da aka ɗebo ruwanta. Matan ƙungiyar mawaƙa kuwa cewa suke tun da ya sauko daga jirgin ruwan da ya kawo shi daga Jamus yana saurayi, da akwatinsa na katako, bai taɓa yabon abin da aka dafa a ƙasar Amurka ba, in ban da girkin marigayiya matarsa, shi ma wai don a Jamus aka haifi uwarta. Butch Hafemann, mai gyaran taraktoci, wanda bakinsa ba ya hutawa ko a wurin jana'iza, ya ce ranar da tsohon ya isa ƙofar Aljanna sai an ɗanɗana masa abin da ake sha a ciki kafin ya yarda ya shiga. Opa kowa ke kiransa, wato Kaka da Jamusanci, kamar yadda jikoki ke yi, har waɗanda suka kusa zama sa'anninsa.

Duk shekara idan ganyen itatuwa ya fara ja, ƙungiyar Jamusawan garin takan yi bikinta na kaka irin na birnin Munich na Jamus, da rumfa da kiɗa da gasasshen naman alade da kabeji mai tsami. Kafin bikin akan haɗu a zauren ƙungiya wata Lahadi bayan an taso daga coci, a jera giya iri-iri a ɗanɗana, a zaɓi wadda za a sha. Sunan dai a zaɓa ne, amma kowa ya san Opa ke zaɓa. Sauran 'yan rakiya ne, su ci cuku su gyaɗa kai. Kuma kowace shekara abu ɗaya yake nunawa: wata jar giya mai launin tagulla da ake kawowa daga Jamus.

Mutum ɗaya ne ba ya gyaɗa kai da zuciya ɗaya, shi ne surukinsa Marvin Dudek, mijin Renate, 'yar tsohon tilo. Marvin ya bar aiki a kamfanin cuku ya mai da tsohuwar rumfar shanun mahaifinsa wurin dafa giya, kuma mutane daga nesa suna zuwa saye. Yana yin irin wannan jar giyar ta kaka. Kowace shekara yakan kawo ta zauren, kowace shekara kuma Opa yakan dubi takardar jikin kwalbar ya ture ta gefe da bayan hannu, ko buɗewa ba a yi ba.

“Ka san sunanta?” in ji shi. “Giyar Maris. A watan Maris ake dafa ta, a kwantar da ita cikin sanyi, a manta da ita har kaka. Haƙuri shi ne rabin kayan haɗinta. Ku da kuke cin abinci a cikin mota, ina kuka ga haƙuri?”

“Baba, ai a Maris na dafa ta.”

“To, Maris ɗin Amurka.”

A yi dariya, Marvin ma ya yi, ya mai da kwalbarsa cikin akwati. Ba a jin zafin abin a ranar. Sai a hanyar gida yake tashi, Renate na zaune a gefe tana kallon gonakin masara.

Shekarun baya kaɗan Marvin da Renate sun je Munich, daidai lokacin bikin. Opa bai taɓa komawa ba. Da fari hali ne babu, daga baya kuma waɗanda zai je wa suka ƙare ɗaya bayan ɗaya. Ranar da Marvin ya shiga babbar rumfa aka dire masa kofi a gaba, sai ya zauna yana kallonsa. Giyar ba ja ba ce. Ruwan zinare ce, fes, kana hango yatsunka ta cikin gilashin. Ya duba dama da hagu, duk teburan haka suke. Ya tambayi wani dattijo da ke kusa, dattijon ya ce ai an daɗe da barin ja a rumfunan nan, mutane sun fi son mara nauyi. Jar kuwa, in ji shi, akasari ku Amurkawa ake tura wa, tun da kun ce ita kuke so.

Renate ta dafa hannun mijinta a kan teburin. “Kada ka gaya wa Baba,” ta ce. “Abin da ya rage masa na can ke nan. Bar masa kayansa.”

Ya ce to. Ya kuma riƙe alkawarin har Maris ɗin bana, ranar da yake tsaye kan tukunya tururin tsiron sha'ir na dukan fuskarsa, maganar Maris ɗin Amurka ta dawo masa. Ranar ya kwantar da gangunansa cikin sanyi, ya kwantar da wata shawara tare da su. Duka biyun suka nuna a hankali.

Shawarar ba ta da wuya. Ya sa aka nemo masa irin ta zinaren nan da ake sha a Munich. Ya sami Butch, wanda shi ke ɗauko kayan ɗanɗano a motarsa, ya ce bana a bar jar Jamus a gida, a sa wannan a madadinta, sa'an nan a lulluɓe kwalaben da jakar takarda kada a ga suna. Ya ba shi labarin abin da ya gani a rumfar Munich. Butch ya yi dariya har da dukan cinya.

“Kai, Marvin, ashe kai ma ɗan duniya ne! Ruwan da ke kwance shi ke cin mutum.”

“Wasa ne kawai. Ina so ya kai ta bakinsa sau ɗaya, shi ke nan.”

Haka ya gaya wa Butch, haka kuma ya yi ta gaya wa kansa. Renate kuwa bai gaya mata komai ba, kuma ya san dalilin da ya sa.

Ranar Lahadin zauren ya cika. An jera cuku da burodi mai gishiri a kan dogon tebur, rana na shigowa ta tagogi. Opa ya zo da rigarsa ta ulu mai maɓallan ƙaho, ya zauna a kujerarsa. Da ya ga kwalabe cikin jakunkuna sai ya ɗaga gira.

“Butch, yau kuma giyar ce ke jin kunya?”

“Opa, matasa ne suka ce takarda kake karantawa, ba giya kake ɗanɗanawa ba. Ni dai na ce musu su ji tsoron Allah.”

“Ku ɗaure mini ido ma in kuna so. Zuba.”

Aka zuba ta farko, wata ce daga wata jiha. Ya kai ta hanci ya ajiye.

“Wanda ya dafa wannan, kabewa ya so ya gasa ya fasa. Ku ba yara.”

Zauren ya ɗauki dariya. Wata kuma da ta biyo baya ya kurɓa, ya ce alewa ce aka narkar, mai yinta bai san bambancin zaƙi da daɗi ba. Duk ya faɗi daidai, Amurkawa ne suka yi su. Marvin yana tsaye kusa da taga, ya ji wani ɓangare na zuciyarsa yana fatan tsohon ya ci gaba da faɗin daidai har ƙarshe.

Sai aka zuba ta zinaren. Marvin ya san ta, giya ce mai kyau, mai laushi, tana ƙamshin ƙullun burodi da ɗan zuma. Opa ya ɗaga kofin ya kalle shi ta hasken taga, ya kurɓa, ya taɓe baki.

“Wannan ba ta da laifi, in ka gama yankan ciyawa kana jin ƙishi. Amma wanda ya kira ta giyar biki bai taɓa taka Munich ba. 'Yar Amurka ce aka sa mata hular Jamusawa.”

Butch ya toshe bakinsa da burodi don kada dariya ta kufce masa. Renate, da ke can ƙarshen tebur tana yanka cuku, ta tsaya da wuƙar a hannu. Ta dubi kofin, ta gane launin. Ta ɗago kai ta nemi mijinta da ido. Marvin ya juya yana kallon motocin da ke waje.

Ta ƙarshe ita ce tasa. Shi ya ce a sa ta a ƙarshe. Ja ce kamar sabuwar tagulla, kumfarta ta tsaya kamar kirim. Opa ya shinshina, ya daɗe bai ɗago ba. Ya kurɓa ya riƙe a baki, ya haɗiye, ya sake. Mutane suna jiran barkwanci, barkwanci bai zo ba. Ya faɗi wata kalma da Jamusancin ƙauyensu, a hankali, ba da kowa yake ba.

“Ɓawon burodi,” ya ce daga baya. “Kun ji? Ba zaƙi ba, ɓawon burodi mai zafi, sa'an nan ɗan ɗaci ya zo ya share bakin. Kakar shekarar da zan taso Amurka, babana ya kai ni bikin. Mutum ne da ba ya magana. Jirgin ƙasa muka hau, tun daga ƙauye har birni bai ce mini uffan ba. Da aka kawo kofuna ya tura mini ɗaya ya ce, sha, don in ka je can ka san abin da ka baro. Maganar da ya yi mini ke nan a kan tafiyata, ba ƙari. Ban sake ganinsa ba.” Ya shafa gefen kofin da babban yatsa. “Wannan ce. Ta ma fi wadda kuke kawo mini duk shekara. Hannun mutanenmu ne. Yanzu haka suna can zaune a rumfa suna shan ta.”

Abin da Marvin ya jira shekara da shekaru ke nan, amma da ya zo sai ya ji kamar an ɗora masa buhun sha'ir a ƙirji. Tsakaninsa da Butch taku kaɗan ne. Yana iya zuwa ya riƙe masa hannu, ya ce a bar jakunkunan, Opa ya zaɓa, an gama. Ya ga hanyar sarai. Ya tsaya inda yake, domin har a lokacin akwai abin da ke cikinsa da ke son a ga sunan.

Butch ya fizge jakar.

“Opa! Mutanenku ɗin nan, a rumfar shanun Dudek suke zaune!”

Zauren ya kece. Wasu na tafi, wasu na dukan tebur, wata tsohuwa na share hawayen dariya. Opa ya jawo kwalbar ya karanta sunan surukinsa, ya yi ɗan murmushi, irin na wanda aka kayar a kokawa ya san an kayar da shi. Da a nan abin ya tsaya, da wasa ne kamar yadda aka ce. Amma Butch ya riga ya cire jakar ta zinaren yana kaɗa ta sama.

“Ga kuma mai hular aro. Karanta mana, Opa, mu ba mu iya Jamusanci ba.”

Tsohon ya sa tabarau ya karanta. Ya juya kwalbar ya karanta bayanta.

“To,” ya ce. “Wannan don ku suke yin ta. Su tura muku ruwa, su riƙe giya.”

“Ina!” in ji Butch. “Ai akasin haka ne. Jar ce suke turo mana, su can wannan suke sha, an daɗe. Tambayi Marvin, da idonsa ya gani.”

Dariyar ta fara mutuwa daga kusa da tsohon, ta bi teburin har ƙarshe. Opa ya cire tabarau.

“Ka gani?”

“Na gani, Baba.”

“A rumfunan?”

“A rumfunan.”

“Duka?”

Marvin ya ce waɗanda suka shiga dai. Opa ya dubi 'yarsa. Renate ta sunkuyar da kai kan cukun. Ya gyaɗa kai a hankali, kamar wanda aka gaya wa rasuwar da ta daɗe da faruwa kowa ya sani sai shi.

Sa'an nan ya miƙe, ya ce giyar Dudek za a sha bana, a cika wa kowa. A wurinsu idan za a haɗa kofuna, sai ka dubi ƙwayar idon wanda kake haɗawa da shi. Yaro ma ya san wannan, Opa ne kuwa ya koya wa rabin garin, yakan riƙe kofinsa ya ƙi sha har sai ka dube shi. Ya bi teburin ɗaya bayan ɗaya, har Butch ya duba cikin ido. Da ya iso kan Marvin ya haɗa kofin, ƙarar ta fita daidai, amma idonsa na kan kumfa. Babu wanda bai gani ba.

A mota Renate ba ta yi faɗa ba. Da ta yi da ya fi masa sauƙi, don ya tanadi amsoshi. Sai da suka shiga kwanar gida ta ce, “Da ka roƙe shi ya sha don ni, da ya sha.” Ta sauka ta shige.

Bikin ya zo, Opa bai zo ba. Shi ke buga famfon gangar giya ta farko da guduma tun kafin a haifi yawancin masu kiɗan, bana ya aiko cewa gwiwarsa na ciwo. Aka miƙa wa Marvin gudumar. Giyar ta ƙare tun kafin rana ta faɗi. Mutane suna ta dafa kafaɗarsa, wai ka ci Munich da yaƙi, wai har Opa ya sallama. Yana amsawa da haƙora a waje. Ya zuba wa kansa kofi ya kai baki, ya ji ɓawon burodin da tsohon ya faɗa, ya kasa haɗiyewa da daɗi.

Ya yi ta shari'a da kansa a kwanakin da suka biyo. Ai bai yi ƙarya ba. Ai gaskiya ce, ko ba daɗe ko ba jima wani zai faɗa. Ai Butch ne ya yi ɓaranɓarama. Ai shi ma an daɗe ana ci masa fuska a zauren nan ba wanda ya ce kanzil. Kowace hujja takan tsaya da ƙafarta har ya tuna wanda ya cire jar Jamus daga teburin, da wanda ya ba mai surutun gari labarin Munich alhali ya san bakinsa. Wanda ya ba kura ajiyar nama ba ya cewa an ci amanarsa.

Wata safiya mai sanyi ya tuƙa zuwa gidan tsohon. Ya same shi a garejinsa, ƙofar a buɗe, yana yanka kabeji a kan allon yanka mai wuƙaƙe, yana zubawa cikin babbar randa don ya yi tsami kafin hunturu. Gwiwar kuwa ga ta nan tana aiki lafiya lau.

“Ina kwana, Baba.”

“Lafiya. Wanke hannu ka danna mini wannan, kafaɗata ta gaji.”

Marvin ya wanke hannu, ya ɗauki taɓaryar katako ya shiga dannawa. Opa na yanka, yana barbaɗa gishiri, shi yana dannawa har ruwa ya fara tasowa.

“Na ji ta ƙare da wuri,” in ji tsohon.

“Ta ƙare.”

“Dole ta ƙare. Giya ce mai kyau. Abin da na faɗa ban janye ba. Tun tuni ya kamata in ɗanɗana, taurin kai ne irin na tsufa.”

Marvin ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya zo da shirin a zage shi, ga shi ana ba shi gaskiya.

Opa ya ɗauki wani kan kabeji ya raba shi biyu, ya tsaya yana kallon cikinsa.

“Da dare in na kasa barci,” ya ce, “nakan ce yanzu can gari ya waye, wane ya buɗe shago, an fara mirgino ganguna. Na san mutanen sun mutu, ni ba yaro ba ne. Amma na ɗauka abin da ke cikin kofin dai yana nan.” Ya ɗora kabejin kan allo. “Mene ne kuma ya canja? Tun da ka gani, gaya mini. Renate ba za ta faɗa ba.”

“Baba, Butch ne ya…” Marvin ya tsaya. Ya ji yadda maganar ta fito, ya ji ƙyamarta. Ya jingina taɓaryar a bakin randa. Ruwan gishiri na bin hannunsa yana ɗiga a kan takalminsa, bai goge ba.

Tsohon ya daina yanka, yana jira.

“Ba Butch ba ne. Ni ne. Ni na sa aka cire wadda ka saba, ni na nemo ta zinaren, na san abin da za ka ce kafin ka ɗaga kofin. Renate ta roƙe ni kada in gaya maka, na yi mata alkawari, sai na bi ta bayan gida na sa wani ya faɗa a gaban jama'a. Da kake maganar babanka ina da damar hanawa, na tsaya ina kallo. Yabo nake nema, na karɓe maka abin da ba zan iya mayarwa ba. Na yi maka laifi, Baba. Don Allah ka yafe mini.”